LACCA: SHIN YARJEJENIYAR DUNIYA TANA CI A KOTUN GIDA?

Ya ku 'yan'uwana talakawa, da ku 'yan kasuwa maza da mata, kun sha jin cewa Gwamnati ta sa hannu a yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam a ƙasashen waje. To, in an tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba, ko aka kwashe masa kayan rumfa, zai iya kai wannan takarda gaban alƙali ta yi masa aiki? Amsa ita ce, wata tana yi, wata ba ta yi.

Ku kun fi kowa sanin ciniki. Dillali yana iya daidaita kuɗi, amma kaya ba su sayu ba sai mai su ya ce ya sallama. Haka abin yake a Nijeriya. Gwamnati ita ce dillali, Majalisar Tarayya ita ce mai sallamawa. Sashe na 12 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce babu yarjejeniyar da za ta zama doka a ƙasar nan sai Majalisa ta mai da ita doka.

Ga misali. Akwai yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 a kan 'yancin jama'a da na siyasa. Nijeriya ta shige ta a 1993, amma ba a mai da ita doka ba. Alƙali yana iya duba ta don ƙarin haske, amma ba ta ɗaure shi ba.

Ta Afirka kuwa dabam take. An ƙulla ta a 1981, Majalisarmu ta mai da ita doka a 1983. Sashe na 5 ya hana azabtarwa, na 6 ya hana tsare mutum haka kawai, na 7 ya ba kowa ikon a saurari ƙararsa, na 14 ya kare dukiya.

An kuwa gwada ta. A watan Janairu 1996, zamanin mulkin Janar Abacha, aka kama lauya Gani Fawehinmi a gidansa a Ikko, aka tsare shi. Ya kai ƙara da wannan yarjejeniya. A 2000 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ita dokar ƙasa ce, wajibi ne kotuna su yi aiki da ita, ta kuma fi sauran dokoki ƙarfi, sai dai Tsarin Mulki yana bisanta.

Saboda haka ku riƙe abu uku. Na ɗaya, irin wannan ƙara Babbar Kotu ake kai ta. Na biyu, ku ce wa lauya ya haɗa Yarjejeniyar Afirka da Babi na 4 na Tsarin Mulki, wanda ya ce a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya in akwai kotu a cikin kilomita 40. Na uku, duk ɗan Majalisar da ya zo neman ƙuri'arku, ku tambaye shi yarjejeniya nawa suka sallama, nawa ke kwance a ofis.

Haƙƙin da mai shi bai sani ba, na mai ƙarfi ne. Wanda ya ji, ya gaya wa maƙwabcinsa na rumfa.

Allah shi ba mu alheri, amin.