Jawabi ga shugabannin mata na mazaɓu: maganar rabo da rabon aiki

Wadda ba ta samu zuwa taro ba, ga abin da na faɗa. Don Allah a tura wa kowace shugabar mata ta mazaɓa.

Maganata a kan rabo ce. Mu faɗa wa juna gaskiya, sau da yawa ba 'yan hamayya ke watsa mana tafiya ba, turmin atamfa ne. Ni kaina abin ya taɓa faruwa da ni. Ina shugabar mazaɓa aka aiko min da turmi 30, mata kuwa sun haura ɗari. Sai na rufe ɗaki na zaɓi waɗanda na ga sun fi wahala, na aika musu da dare. Wallahi da kyakkyawar niyya na yi. Kafin gari ya waye magana ta zaga unguwa, wai Hajiya ta raba wa danginta. Matar da ta fi kowa shiga gida-gida ta daina ɗaga wayata, ranar zaɓe kuma rumfarta ba mu da wakiliya. Laifina ne, ba nata ba.

To ga roƙona. Duk abin da ya zo, shinkafa ce ko kuɗin mota, a tara mata a ƙirga a gabansu, a faɗi adadin da baki. In bai isa ba, ku ce bai isa ba. A rubuta waɗanda suka samu a littafi, rabo na gaba a fara da waɗanda suka rasa. Ke kuma shugaba, naki ya zo a ƙarshe. Na san da zafi, ke ma kina da tukunya a gida. Amma ranar da kika fara ɗauka, ranar bakinki ya mutu.

Sai rabon aiki. A zaɓen 2023 hukumar INEC na da rumfuna 176,846 a mazaɓu 8,809. Ke ba ruwanki da dubbai, naki 'yan ƙalilan ne, amma kowace rumfa ina son sunan mace a kanta. "Za mu yi" ba suna ba ne. Wadda ta iya karatu da lissafi ita za mu nema wa wakilci, ta tsaya har a ƙirga, a rubuta sakamako a takardar EC8A, ta sa hannu ta karɓi kwafinta. Mai kitso, ungozoma da uwar adashi, waɗanda ba gidan da ke rufe musu ƙofa, su za su bi mana sawun masu katin zaɓe. Kada ki ba mutum aiki don ƙawarki ce.

In biyu sun saɓa, kar ku yi shari'a a guruf. Saƙon murya ɗaya na ɓacin rai sai ya kai wata ƙaramar hukuma kafin la'asar. Kira su gida, ki saurari kowacce.

Ku tuna, sai a 1976 matan Arewa suka samu 'yancin jefa ƙuri'a, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha duka da kurkuku a kai. Allah Ya ji ƙanta. Ba za mu zubar da wannan saboda yadi shida ba.

Kafin Juma'a kowace shugaba ta turo min sunayen matan rumfunanta. Wadda take da rumfar da ba kowa, ta faɗa tun yanzu mu nemo. Allah Ya bar zumunci, Ya ba mu sa'a.