Dokar Gini Da Tagar Tsira: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Ƙungiya A Lafiya



An umurce ni da in yi bayani kan wata matsala da ta sha zuwa gaban kwamiti. Mutum zai kai zanen gidansa a ce masa tagoginsa sun yi ƙanana, maƙwabcinsa kuwa ya yi irin wannan gini babu wanda ya tanka masa. Wani a ce ya cire ƙarfen taga, wani a ce ya ƙara. Daga nan sai zargi ya shigo, a ce don mu baƙi ne. Kafin mu yanke wannan hukunci, ya kamata mu san inda ruɗanin ya samo asali.

Nijeriya ba ta da dokar gini guda ɗaya da ke aiki a ko'ina. A 1992 gwamnatin soja ta kafa dokar tsara birane ta ƙasa, amma a 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, ta yanke cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. A 2006 aka fitar da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa, sai dai ba ya zama tilas a jiha sai ita jihar ta mai da shi dokarta. Saboda haka abin da ka saba da shi a Kano ko Katsina ba lallai ne ya zama shi ne a nan ba. A Lafiya, Hukumar Raya Birane ta Jihar Nasarawa ce ke duba zanen gini. Takardar cinikin fili da mai unguwa ya sa wa hannu shaida ce ta ciniki, amma ba izinin gini ba ce. Mu bambanta waɗannan biyun.

Game da haƙƙinmu kuwa, Kundin Tsarin Mulki na 1999 bai bar mu cikin duhu ba. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama a duk inda ya so. Sashe na 43 ya ba shi damar mallakar gida ko fili a ko'ina cikin Nijeriya. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila, addini ko asalin garinsa. Ke nan ƙa'idar da za a ɗora wa ɗan gari ita ce za a ɗora maka, ba ƙari ba ragi.

To idan wani ya zo ya ce gininka ya saɓa ƙa'ida, kada ka yi faɗa, kada kuma ka sa hannu a aljihu. Nemi katin shaidarsa cikin ladabi. Roƙe shi ya ba ka maganar a rubuce, da sashen dokar da ya dogara da shi. Duk kuɗin da za ka biya, ka biya ta hanyar hukuma ka karɓi rasit. Ka ajiye zanen da aka buga wa hatimi, ka kawo wa sakataren ƙungiya kwafi. Idan takardu biyu suka ci karo, kwamiti zai rubuta wa hukuma ya nemi bayani.

Yanzu ga maganar da ta fi takarda nauyi. Yawancin gidajenmu ƙofa ɗaya ce ta zaure, tagogin baya ƙanana ne kuma suna sama, sannan mai walda ya liƙe su da ƙarfe saboda ɓarayi. A cikin gidan akwai janareta da galan ɗin fetur, akwai tukunyar gas, akwai maganin sauro na kunnawa. Idan wuta ta tashi ta bakin ƙofa cikin dare, ta ina yara za su fita? Hayaƙi kan gama da mai barci kafin 'yan kwana-kwana su iso. A 2001 ɗalibai 67 suka mutu a ɗakin kwanan makarantar Kyanguli a ƙasar Kenya, ƙofa ɗaya a kulle, tagogi duk da ƙarfe.

Ko a ƙasashen waje awon bai zo ɗaya ba. A yawancin jihohin Amurka ana son tagar ɗakin kwana ta buɗe aƙalla santimita 51 a faɗi da 61 a tsayi, kada bakinta ya wuce santimita 112 daga daɓe, kuma ƙarfenta ya buɗu daga ciki ba tare da makulli ba. A Ingila santimita 45 ne mafi ƙanƙanta ta kowane ɓangare. Lissafi ya bambanta, manufa ɗaya ce: babban mutum ya iya fita.

Shawarata ita ce, ko an tambaye ka ko ba a tambaye ka ba, kowane ɗakin kwana ya samu taga ɗaya da ƙarfenta ke buɗewa kamar ƙyaure, da sakata ta ciki wadda hannun na waje ba zai kai gare ta ba. Idan dole sai an sa kwaɗo, a rataye makullin kusa da tagar, a nuna wa matan gida da yara. 'Yan haya su nemi yardar mai gida a rubuce kafin su taɓa ƙarfe, idan ya ƙi su zo kwamiti mu je tare.

Ina roƙon kowane magidanci, yau da ya koma gida, ya shiga ɗakin yaransa ya gwada tagar da hannunsa. Allah Ya tsare mu da iyalanmu daga gobara, Ya zaunar da Jihar Nasarawa lafiya.