KASHI NA 23: AKWATIN BABA TELA

Ina gaida masu saurarenmu na Yelwa, da na Wara, da na Shanga, da 'yan uwanmu na cikin gungu da sai sun hau tudu suke samun sabis. Yau ba maganar hanya ko wutar lantarki na zo da ita ba. Labarin wani akwati zan ba ku.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je gaida iyalin wani dattijo da ya rene mu, wanda duk unguwa ke kira Baba Tela, Allah Ya jiƙansa. Bayan mun gaisa, sai Inna ta ce, "Ɗana, tashi ka jawo akwatin can na ƙarƙashin gado." Na jawo, na buɗe. Wallahi jama'a sai da na zauna a ƙasa. Gemun rama, rawanin Sarkin Ruwa, hular ɗan doka da aka yi da kwali, da littafin rajistar ƙungiyarmu ta wasan daɓe. Na buɗa littafin, sai ga sunana a shekarar 2010, an rubuta a gabansa: tarar makara, naira 20, bai biya ba. To, har yau ana bi na bashi ke nan.

Ga waɗanda ba su riski abin ba, ƙungiyar nan ba ta da ofis, ba ta da albashi. Bayan sallar isha'i muke haɗuwa a filin wata firamare, a kunna fitila biyu, a shata da'ira da toka. Abin da ya bambanta mu da sauran 'yan wasa shi ne, mu rabin maganarmu waƙa ce. Miji da mata za su yi faɗa, da waƙa. Alƙali zai yanke hukunci, da waƙa, 'yan kallo na amshi. Baba Tela ke tsara baitocin, da ajami yake rubuta su a bayan takardar awon ɗinki. Yana taka keke yana rerawa, in baiti ya ƙi zama sai ka ji keken ya tsaya.

Makaɗinmu mahauci ne, kun san kalangu da mahauta ba a raba su. Da safe yana kan teburin nama, da dare kalangu na hammatarsa. In ka manta baitinka a tsakiyar fage, da kalangu zai tuna maka, in kuma ka ɓata, da kalangu zai zage ka, kowa ya gane ya yi ta dariya. Akwai Malama, malamar firamare, wadda sai da Baba Tela ya je gidansu sau uku kafin mahaifinta ya yarda ta shiga, bisa sharaɗin ƙanenta zai riƙa rako ta. Ƙanen nan da ya zo gadi, shi ya zama babban ɗan barkwancinmu. Akwai wani Bagunge masunci, mai murya kamar ta tashi gari, da wani Bakambare manomi, da wani bakanike Kirista da ya fi mu duka iya taka rawar liman. Ba wanda ya taɓa tambayar wani daga ina kakansa ya fito. Abin da ake tambaya ɗaya ne: ka haddace baitinka?

Ni kuwa, kada ku ɗauka da jarumi na fara. Buhun albasa ne rawata ta farko. Eh, buhun albasa! Aka saka ni cikin buhu a wasan jirgin ruwa, aka ce kada in motsa. Ashe buhun na gaske ne, bai daɗe da rabuwa da albasa ba. Ana tsakiyar waƙa sai buhu ya yi atishawa. Fili ya kece da dariya, ni kuma ina ciki ina kuka. Da aka tashi Baba Tela ya dafa ni ya ce, "Gobe ma ka yi atishawar, daidai wurin nan." Daga ranar atishawa ta shiga cikin wasa.

Daga goma ga azumi muna zagaya unguwanni da tashe, da Sallah mu yi babban wasa, lokacin bikin Rigata kuma bakin ruwa muke kwana. Amma wasa biyu ne ba zan manta ba.

Na farko a kan tashin garuruwa ne, lokacin da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibirai da gonaki da maƙabartu, aka mayar da dubban mutane sabbin matsugunai. Mu yara ba a koya mana wannan a aji ba, a fage muka koya. Ran da muka kai wasan wani ƙauye a ƙasar Shanga, Bagungen nan ya juya waƙar zuwa Gunganci. Wata tsohuwa ta tashi ta shigo cikin da'irar toka, ta riƙa kiran sunayen unguwannin garinsu da ke ƙarƙashin ruwa, ɗaya bayan ɗaya. Kalangu ya yi shiru. Baba Tela ya yi mana alama kada wanda ya taɓa ta. Wasan bai ƙarasa ba a daren, kuma ba wanda ya nemi a ƙarasa.

Na biyu shi ne na jirgin da nake buhu a ciki. Amshinsa na cewa, mai jirgi rage lodi, Kwara ba ta da reshen kamawa. Mutane su yi dariya, su yi amshi, gobe su cika jirgi maƙil. Ranar 26 ga Mayu, 2021, da jirgi ya nutse kusa da Wara ɗauke da fiye da mutum 150, kaɗan aka ceto da rai, amshin nan ne ya hana ni barci. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ba na cewa wasa zai hana jirgi kifewa. Amma lokacin da ƙungiya ke raye, akwai masu faɗa wa mai jirgi gaskiya a gaban jama'a, ya yi dariya, ya kuma ji kunya.

Ba faɗa ne ya kashe ƙungiyar ba. Mu muka tafi jami'a, wasu suka yi aure, waya ta shigo hannun kowa, Baba Tela ya kwanta ciwo. Korona ta zo a 2020 ta hana taro. Sai kuma harin makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021, daga nan wace uwa za ta bar ɗanta ya fita da dare?

Ku tuna fa, Kannywood da ake taƙama da ita daga irin waɗannan ƙungiyoyi ta tsiro. 'Yan Tumbin Giwa na Kano masu wasan daɓe ne kafin su fitar da Turmin Danya a 1990. Tamu ba ta yi fim ko ɗaya ba. Amma duk wanda ya ji ni yau ina magana gaban manya ba tare da gwiwata ta yi rawa ba, daga cikin buhun albasa na koyo. Ƙannenmu da muke kuka da su a kan shaye-shaye da bangar siyasa, wane fage muka ba su? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka ga roƙona. Inna ta ce in tafi da akwatin, na ce ba zan ɗauka ba sai in da waɗanda za su saka kayan. Duk tsohon ɗan ƙungiya da ke ji na, ya aiko saƙo ta wannan shafi. Mai tsohon hoto ko kaset ya taimaka mana da shi. Muna neman mai iya karanta ajami ya zauna da mu, mu kwafe baitocin Baba kafin gara ta riga mu. Makaɗinmu na nan da ransa, na same shi a kasuwa, ya ce fatar kalangun ce kawai ta mutu. In dare bai yiwu ba, sai mu yi da la'asar.

Ni kuma ranar haɗuwar farko zan zo da naira 20 ɗina.

Sai mun haɗu a kashi na gaba. Allah Ya zaunar mana da ƙasar Yauri lafiya. Wassalamu alaikum.