Hanyar Agbogbloshie Idan Ruwa Ya Sauka

Mazauna unguwannin Nima da Maamobi sun san yadda babbar kwata ke tumbatsa da damina. Ruwanta kogin Odaw yake faɗawa, ya ratsa Agbogbloshie zuwa tafkin Korle. In leda da yashi suka toshe shi, sai ya hau titi, 'yan dako da masu doya su rasa hanyar kasuwa.

Ranar 3 ga Yuni 2015, ambaliya da gobarar gidan mai a Circle suka kashe mutum sama da 150, da yawansu fakewa suka yi don hanya ta yanke. Aka bi da rusau a unguwar Old Fadama don buɗe hanyar ruwa, amma rusau bai wadatar ba. Ya kamata hukuma ta riƙa yashe Odaw tun rani, ta kwashe dattin daga gaɓa kafin ruwa ya mayar da shi.