Kashin shanu na iya ba da wuta, amma sai da ruwa

Jama'a makiyaya na Dakoro,

Wasunku sun tambaye ni ko gaskiya ne ana samun wutar lantarki daga kashin shanu. Gaskiya ne. A Burkina Faso, tun 2009 gwamnati ta kafa shiri na gina ramukan biyogas, an gina fiye da dubu goma. Mu kuma ba mu manta da Agustan 2023 ba, sa'ad da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar.

Aikin kamar tumbin saniya yake. Ana gina rami da bulo da siminti, a rufe shi ruf, iska ba ta shiga. A dama ɗanyen kashi da ruwa, awo ɗaya ɗaya, a zuba kullum. Ƙananan ƙwayoyin da ke ciki su ci, su fid da gas mai kamawa da wuta. Da zafin garinmu, wata ɗaya zuwa kwana arba'in ya isa ya narke. Abin da ya fito ta ɗaya bakin taki ne, kai shi gonar hatsi.

To ga lissafi. Bijimai huɗu na turke suna ba da wajen kilo 40 a yini. Wannan zai ba ka gas da zai dafa abinci awa uku ko huɗu. In ka sa shi cikin inji, wajen kilowat-awa 2 ne: fitilu, cajin salula, ƙaramin firji. Shi ya sa nake cewa a fara da girki, inji ya biyo baya. Kuma kafin gas ya shiga inji, sai ya bi ta cikin garin ƙarfe mai tsatsa, don warin nan na ruɓaɓɓen ƙwai yana cin injin.

Amma kilo 40 na kashi lita 40 ne na ruwa, kowace safiya, har cikin bazara. Kun san zurfin rijiyoyinmu. Wanda garkensa ke haye Tarka da damina, ramin zai mutu kafin ya dawo. Busasshen kandilo kuwa bai yin aiki sosai. Wannan abu na mai kiwon turke ne da rijiya kusa, ko ƙungiyar masu madara.

Sai abin da ya shafi aikina. In mun yi wa dabba allurar teramisin, ware kashinta na mako guda. Kada ruwan girezil ko na sabulu ya shiga ramin. Kada yaro ya leƙa, kada kowa ya sauka ciki: gas ɗin na shaƙe mutum ba tare da ya ankara ba.