Kada mu zama 'yan jagoran maharban mota



Mu da muka ga farin 1973 da na 1984 mun san yadda daji yake komawa in ruwa ya ƙi. Tabki ya ƙafe, barewa da tuje su biyo sawun shanu har bakin rijiya. To, lokacin nan ne maharba suke ƙetaro iyaka da motoci da bindigogi. Ba su san daji ba. Mu suke nema mu nuna musu hanya, a kan buhun gero da ɗan shayi.

Jama'a, ina mariri? Fari da harbi sun gama da shi. A Cadi ma sai da aka kawo shi daga Abu Dabi a 2016. Raƙuman dawa na Kure kuwa kamar 50 suka rage a 1996. Da aka tsare su, sun wuce 600.

Mota ta tattake ɗan haki da ya rage, wutar da suka bari ta cinye makiyaya. Su koma ƙasarsu, ma'aikatan gandun daji su kama ɗanmu. Dokar farauta ta 1998 ba ta ce a ƙyale ɗan jagora ba.

Don haka kada kowa ya shiga motarsu. Ku riƙe lambarta, ku gaya wa ardo. In fari ya tura mu ƙetare, mu tafi da sanda da takardar kiwo.

Allah ya ba mu damina mai albarka.