Wa Ke Riƙe Da Ƙofar Ruwa?



Ran da aka kafe sakamakon jarrabawa, ku kasa kunne a gindin allo. Wanda ya haye zai ce, "Na ci." Wanda bai haye ba kuwa sai ya ce, "An kayar da ni." Watau nasara tamu ce, faɗuwa ta malam. Ni ma na faɗi haka bara.

A 1966 wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Julian Rotter, ya bayyana cewa mutane sun bambanta bisa ga inda suke ganin linzamin rayuwarsu yake. Wasu na ganinsa a hannunsu, wasu a hannun sa'a ko masu iko. Na farkon, in ya faɗi, ya fi saurin sake ɗamara, gama yana ganin gyara na wurinsa. Wannan gaskiya ne, amma akwai saura.

Ni mutumin Madobi ne, maƙwabtan Kura. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, rani ya zama lokacin alkama da tumatir a ƙasarmu, ba na tafiya cin rani kaɗai ba. To, gonar kawuna tana can ƙarshen magudanar ruwa. Mai gona a bakin ƙofa yakan shayar da tasa har ta ƙoshi, in ya kwashe amfani ya ce ƙwazonsa ne. Kawu yakan kwana a gona da fartanya da tocila yana jiran ragowa, in shuka ta ƙone ya ce, "Rabo ne." Da na fara karatun nan na taɓa gaya masa cewa Allah ya ce tashi in taimake ka. Bai amsa ba, sai ya nuna mini kantar hannunsa. Har yau ina jin kunyar wannan rana.

A 2016, da tsutsar da manoma ke kira Sharon ta afka wa tumatir, ta cinye gonar mai himma da ta malalaci baki ɗaya. Mutumin da ya yi ƙoƙari shekara da shekaru bai ga ya canja kome ba, in ya ce rabo, abin da rayuwa ta koya masa yake faɗi.

Da yawanmu gobe za mu zauna a ofisoshin gona. Za a miƙo mana rahoto a ce manoma ba su da himma. Mu da muke ɗora faɗuwarmu a kan malam, sai mu yi saurin ɗora ta manomi a kan halinsa. Ina roƙonku, kafin ku sa hannu, ku bi magudanar nan da ƙafa har ƙarshenta, ku tambaya yaushe ruwa ya iso, wa kuma ke riƙe da mabuɗin ƙofar.